Mai Hawa Matakalar Gidan Jarida

Shekara talatin ina rubuta sharhin mako, sai mai jaridarmu ya kawo wani injiniya. Injiniyan ya zuba duk rubutuna a kwamfuta. Tana duba kalmomin da na saba sawa bayan kowace kalma, ta zaɓi ɗaya kamar ƙuri'a, ta ci gaba.

Na karanta abin da ta fitar, na ja tsaki. "Wannan ai sambatun mai zazzaɓi ne. Aku ma ya fi ta hankali."

"Baba, masu karatu ba za su gane bambancin ba," in ji injiniyan. Aka ba ta shafina.

Ranar na daɗe ina kwashe takarduna. Ina saukowa bayan isha'i, fitilar matakala a kashe, na ji numfashin sanyi a gabana da warin tsohuwar takarda. Wani ne ke hawowa, amma takalminsa ba ya ƙara.

"Malam, an tashi," na ce.

"An tashi tsaye domin al'umma ta lalace tun muna yara ƙanana ba su da laifi," ya amsa a jere, ko haɗiyar yawu babu.

"Ga wani mahaukacin kuma! Matsa in wuce."

"In wuce gona da iri ɗaya ne tak."

Muryar ce ta tsayar da ni, don tawa ce, kalmomin kuma irin sambatun kwamfutar nan. Na haska shi da waya. Goshina ne na samartaka, da idanuna na yau, da gemun da na aske shekara goma da suka wuce.