Mai Kofato a Ɗakin Famfo

Ku matso, ku rage murya. Wannan abu da Zulai ya faru, ƙanwar Inna Asabe, wadda ta karanci kwamfuta a Zariya.

Shekarar da famfon sola na ƙauyensu ya tsaya, mata har rafi suke zuwa, yara na ta gudawa. Aka ce ƙaramar na'urar da ke ba famfon umarni ce ta rikice. Zulai ta ɗau kwamfutarta bayan magariba. Aka ce ta bari sai safe, ɗakin famfon a gindin tsamiya yake.

Ta ce, "Ƙishirwa ba ta jiran safe."

Ta tafi ita kaɗai. Ta jona wayar kwamfutarta a jikin na'urar, ta duƙufa. Kwaɗi suka yi tsit. Sai ƙamshin turare.

"Sannu da aiki, 'yammata."

Wani tsoho ne a bakin ƙofa, fari tas. Bakinsa bai motsa ba. Ta sunkuyar da kai don gaisuwa, sai ta ga kofato.

"Yawwa, Baba," ta ce.

"Ruwan nan nawa ne. Ni na riƙe shi. Sa sunana cikin ƙarfen nan, duk wanda ya sha ya zama nawa."

"Ba zan sa ba."

Ƙofa ta rufe kanta.

"Na leƙa kwamfutarki, na ga yadda kuke kiran umarni da lamba. Lamba ɗaya, rubuta. Kira ta, ki rubuta sunana!"

Nan ta gane bai san komai ba sai abin da ya leƙa. Kowace irin ƙwaƙwalwar na'ura da nata lambobin. A kwamfutarta, ɗaya na nufin rubuta. A ta famfon, ɗaya na nufin fita.

"Ɗaya kake so? Shiga, ka ji da kunnenka."

Ya zama hayaƙi, ya sulale cikin na'urar. Ta yi bismilla, ta aika wa na'urar lamba ɗaya: fita.

Ƙarar da ya yi, har karnukan gari suka ɗauka. Tsamiya ta girgiza. Ƙofa ta wangale. Can ƙasa, bututu ya yi tari, ruwa ya taso.

Ta dawo gida da ƙafarta, ba ta yi gudu ba. Amma yatsan da ta danna da shi, har yau sanyi ƙalau yake, ko a bakin murhu.

To, kun ji. Ruwan ku sha, naku ne. Amma in rana ta faɗi, kada wanda ya bi hanyar tsamiyar nan shi kaɗai.