Kujerar Jaɓɓo Mai Naɗewa

Ni Halilu baduku, da idanun nan nawa nig gani, wanda duk yac ce ƙarya ce shi zo shi dubi hannuna.

Tun Nasara ba su shigo Sakkwato ba, Jaɓɓo mai shanu na Amarawa yas sayi wata kujera ga ayarin Agadas. Tana naɗewa kamar allo biyu, jar hwata, cike da audugar rimi. Ɗinkin yaɓ ɓalle, anka kawo min Illela, don duk ƙasar ba mai allura irin tawa. Matar Jaɓɓo, Inna Yelwa, taj ja min kunne, wai kar in buɗe ta da almuru in ba mai zama.

Nig gyara, niɗ ɗauko in kai musu Amarawa. Rana tah hwaɗi ina gindin wata tsamiya. Gajiya, ga iya shege. Nib buɗe ta, nir rusuna ma iska, nic ce ranka shi daɗe, a zauna.

Gyare sunka yi tsit.

Hwatar tal lotsa a hankali. Itacen yay yi ƙara. Warin jiƙaƙƙen toka yac cika min hanci.

Nik kai hannun dama in naɗe, tad datse min yatsu. Hannun da nika ci da shi ke nan. Ina jin ƙashi na ba da sauti.

Daf da kunnena anka ce, ƙasa-ƙasa: "Mai gida, ka ba baƙo wuri, kuma ka kore shi?"

Addu'a duk ta gudu daga kaina. Abin da ad dai nit tuna, baƙo ba a tashe shi, rakiya aka yi mai.

"Dare na yi," in ji ni. "Mu tai in taka maka."



Nauyin yaɗ ɗaga. Yatsuna sunka hito.

Taku bakwai niy yi. Wasu na bi na gehe, yashi na ƙas, ƙas. Nic ce a gaida gida, takun yay yi gabas.

Yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasawa ba. Da nik kai kujerar Amarawa, Inna Yelwa tad dubi loɓar hwatar, ba ta tambaye ni komi ba, tas sa anka ɗaure kujerar da igiya. Ni ko, ko turmi ba a bari wohi gidana da almuru.

Abu guda niƙ ƙara daga bakina: takun da nic ce ya yi gabas. Ban ji ya tahi ba.