Maganin Cikin Kwanon Fura

Saura sati uku a ɗaura auren Bintu da Lado, Dada, mahaifiyar Lado, ta kira shi ɗaki.

"An ga yarinyar nan a layin karɓar maganin ƙanjamau a Jimeta. Ba sau ɗaya ba, sau huɗu!"

"Dada, aikinsu ne fa. Ƙungiyar mata ce ta Madam Edna a Damilu, suna karɓo wa waɗanda ba sa iya fita. Kuma mun yi gwaji tare, ga takarda."

"Takarda? Wanda ya ga mutum da ido ya fi takarda. In na wani ne, ta faɗi mai shi."

A bakin ƙofa Adda Dudu, yayar Lado, tana zaune a tabarma da tsohon ciki. Wata na biyar ke nan tana takaba, ba ta taka ko zaure. Ba ta ɗaga kai ba.

Da la'asar Lado ya sami Bintu a gidansu.

"Suna ɗaya kawai, Bintu, please. Ki faɗa mini, ni zan san yadda zan yi da Dada."

"Hamma Lado, rantsuwa muka yi. Ranar da na faɗi suna ɗaya, babu matar da za ta ƙara yarda a gwada ta daga nan har Malkohi."

"To aurenmu fa?"

Ta kawar da kai. Hawaye ne kawai suka zubo.

Ranar Talata aka aiko wa Malam Sheriff, mahaifinta, cewa an fasa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kin riƙe amana, sai ki riƙe haƙuri."

Wata ya ƙare, Bintu ta hau Keke Napep zuwa Yola Gari da kwanon fura, kamar yadda ta saba kai wa mai takaba. Dada ba ta amsa gaisuwarta ba. A ɗakin Adda Dudu, Bintu ta zaro kwalbar magani daga ƙarƙashin faifai.

"Kullum ɗaya, Adda. Kar ki tsallake, saboda ɗan cikin."

Adda Dudu ta riƙe hannunta. "Na kashe miki aure ina kallo. Amma in Dada ta ji abin da marigayi ya bar mini..."

"Ban ce ki faɗa ba. Sha."

Adda Dudu ta haifi namiji. Bayan wata biyu Madam Edna ta aiko da sakamako: gwajin farko bai nuna komai a jinin yaron ba.

Da safiyar ranar Dada tana tankaɗe a tsakar gida, Lado yana ɗaura takalmi. Adda Dudu ta fito da jaririn a kafaɗa. Ta durƙusa, ta ajiye kwalbar kusa da rariya.

"Dada, layin nan da aka ga Bintu. Maganin nawa ne."