Ladan Bai Cewa Don Allah

"Kwanta! Kowa ƙasa!"

Rana tsaka, ranar kasuwar Shinkafi. Sagir na kan babur, inji na kuka. Ladan, ogansu, ya fizge jakar kuɗi daga hannun Alhaji Hashimu mai shanu.

Alhaji na kwance cikin ƙura yana maimaitawa: "Ɗana ya kira ni! Shi ya ce in kawo kuɗin nan! Wallahi muryar ɗana ce!"

Ba ɗansa ba ne. Wata manhaja ce mai kwaikwayon muryar mutum, wadda Sagir ya sayo a arha wurin wani mai gyaran waya a Kaura Namoda. Shi ma wani ya tura masa, wanin kuma can ya tsinto ta a intanet. Hannu nawa ta bi, wa ya cusa mata me, babu wanda ya tambaya. Da ta nemi izinin jin magana da sanin inda suke, Ladan cewa ya yi, "Ba ta izini! Ai tamu ta."

"Rarrabu! Mu haɗe Gurbin Bore!" in ji Ladan.

Sagir ya ɗauki jakar, ya faɗa hanyar daji. Tunaninsa na kan 'yarsa Gimbiya, wadda ta fara tatata. Daga wannan aikin ya daina. Haka ya ce wancan karon ma.

Waya ta yi ƙara. Muryar Ladan ce, har da tarinsa.

"Sagir, don Allah aje jakag ga gindin tsamiyar Dauran. Akwai mai ɗauka. Na gode."

Don Allah? Na gode? Sagir ya yi murmushi. Ashe oga ya fara gyara hali. Ya ajiye, ya wuce.

A ofishin 'yan sanda na Zurmi ma waya ta yi ƙara. Wata murya mai ladabi ta ce sunanta Sagir, ta kwatanta wurin haɗuwar tsaf.

Ladan na jira cikin gero.

"Ina jaka?"

"Ai kai kac ce in aje ta, oga."

"Ni? Mi nic ce?"

"Ka ce don Allah in..."

Nan Sagir ya farga. Tunda suke tare, ko uwarsa Ladan bai taɓa ce wa don Allah ba.

Jiniya! Motoci ta gabas, ta yamma! Sufeto ya ɗaga lasifika: "Kun shiga hannu! Sagir, mun gode da kiranka, matso gefe!"

Ladan ya juyo a hankali, bindiga a hannu.

"Oga, ba ni na ba! Manhajag ga ta! Ina da ɗiya, don Allah..."

"Eh," in ji Ladan. "Kai kam kana cewa."

Tau!

Ladan na gidan yari, Sagir na kabari. Jakar Alhaji ta tafi da wanda babu mai sanin fuskarsa. Wayar Sagir kuwa, tana wurin matarsa Saliha. Ba ta san me ke ciki ba. Duk sanda Gimbiya ta yi kuka, sai ta miƙa mata ta yi wasa, yarinyar na ta gwaranci a bakin wayar, manhajar na sauraro.