Ranar Shafe Bango

"Idan kika shafe bangon nan, Badi'a, ni kika shafe..."

Badi'a ta ajiye bokitin farin fentin da ta sayo, ta dubi Muhyiddeen. Wata biyu ya rage a ɗaura musu aure, amma yau ya sha mur kamar bai taɓa saninta ba.

Shi ya kafa ƙungiyar zane ta matasan Bompai shekara bakwai da suka wuce, a tsohon siton wata masaƙa da ta daina aiki. Shi kuma ya rubuta dokar da hannunsa: duk sabon shugaba sai ya shafe babban bango da farin fenti, shi kaɗai, a gaban kowa, don sababbin shiga su sami wurin zane. Doka ce mai daɗin faɗa, tunda ba a taɓa yin wani shugaba ba sai shi. Yanzu wa'adinsa ya cika, an yi zaɓe, Badi'a ta kayar da Sagir, sai ga doka ta juyo kan mai ita.

Kuma Badi'a ce a jikin bangon. Muhyiddeen ne ya zana ta a durƙushe tana tsintar guntayen fata a ƙofar wani kamfanin jima a Challawa, yadda ya fara ganinta, lokacin da ko gaisuwa ba ta iya amsawa sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya ce a ɗage dokar bana, shi zai yi wa 'yan ƙungiya bayani, babu mai musa masa. Abin da ya ƙona mata rai ke nan. An zaɓe ta, amma har yanzu shi ke shirin yin magana da bakinta.

"Yaya Muhyi, kai ka koya min ɗaga kai. Yanzu na ɗaga, sai ka ce in sunkuyar?"

Ya hau babur ɗinsa ya bi bayan wata tirela da ta nufi Dakata.

Shi kuwa Sagir, faɗuwar zaɓe ta ba shi sabuwar sana'a. A cikin sito yana cewa kujerar nan ai cikin kayan lefe aka saka wa Badi'a, ba za ta iya taɓa zanen angonta ba. Da ya fita sai ya zarce Hotoro, gidan Hajiya Asabe, gwaggon Muhyiddeen da ta riƙe shi, ya ce yarinyar ta yi rantsuwa sai ta goge sunan ɗanta daga Bompai. Hajiya ta kira Badi'a a waya ta wanke ta tas, ta ce tun ba ta shiga ɗaki ba ta ƙwace masa kujera, in ta shiga kuma sai me? Ta ƙare da cewa muddin fenti ya taɓa bangon nan, ita ba ruwanta da wannan aure.

Badi'a ta yi kuka, domin tana son Muhyiddeen so na gaske, kuma tana son zanen nan. Amma ta san in ta bar shi, har ta sauka ba za a taɓa ganinta shugaba ba.

Ranar Asabar da hantsi sito ya cika, har ma'aikatan da suka tashi daga aiki a kamfanin robobi na maƙwabta suka leƙo. Muhyiddeen bai zo ba. Sagir ya harɗe hannu yana murmushi.

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta jingina tsani, ta hau. Fuskarta da ke jikin zanen ta fara shafewa. Tana miƙa hannu sama, tsanin ya yi gefe, dama ƙafarsa ɗaya guntuwa ce... sai ta ji ya tsaya cak.

Ta duba ƙasa. Muhyiddeen ne, ya riƙe shi da hannu bibbiyu, idanunsa sun yi ja.

"Doka ta ce ke kaɗai za ki shafe," in ji shi. "Ba ta hana a riƙe miki tsani ba."

"Hajiya fa?"

"Daga wurinta nake. Na gaya mata ni na rubuta dokar, ni ne kuma na so in karya ta. Ta ce ashe ni ne abin duka." Ya rage murya. "Waccan da na zana ko kallona ba ta iyawa, masoyiyata. Wannan da ke saman tsani ita nake son aura. Ki yafe min..."

"Riƙe da kyau, Malam. Shugaba tana aiki."

Ta shafe bangon tas, hawaye na zuba, tana dariya. Kafin ta sauko, Sagir ya tuna yana da uzuri a Sharaɗa.

Bayan biki da mako guda aka raba farin bango ga sababbin shiga. Muhyiddeen ya bi layi kamar kowa. Da aka zo kansa, Badi'a ta auna masa taku biyu a bayan ƙofa, ta ce in ya wuce iyaka, akwai sauran fenti.