Jagoran Gungun Kanya

Da sanyin safiyar wata Laraba, gab da ɓarkewar babban yaƙin Turawa na biyu, aka tsinci gawar Sati a bayan siton bariki a Kontagora. Yana kwance rub-da-ciki, ƙeyarsa a fashe, ƙudaje sun riga kowa zuwa. Kusa da shi an yar da wata gora mai kaurin kai, jini ya bushe a jikinta.

Kofur Gidaɗo na 'yan doka aka turo. Mutum ne siriri mai ƙarancin magana, wanda ya daɗe a aikin har ya daina tsammanin godiya. Ya tsuguna ya duba raunin, ya juya gorar da ƙafa, sannan ya nemi a gaya masa ko wane ne mamacin.

Sati Bagunge ne, daga Gungun Kanya, wani tsibiri a tsakiyar Kwara can ƙasar Yawuri. Abin da ya kawo shi Kontagora shi ne wani Bature, baƙon Joji mai mulkin yankin, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Zalɓe saboda tsawon wuyansa da yawan tsayuwa bakin ruwa. Zalɓe ba ya harbi, kallo kawai yake so. Ya ji labarin dorinai da ayu da garken dinya da gauraka a gungayen Kwara, ya ƙudura zai je ya kafa tanti a kan tudu, ya riƙa bin gaɓa da ƙafa yana leƙensu da madubin hangen nesa, don ya ce kwalekwale korar dabba yake yi. Aka ɗebo 'yan alaro masu dakon kaya daga ƙauyukan Rijau ana tsakiyar yankan dawa, aka ɗaure kaya aka jibge a sito, aka aika Yawuri a kawo jagora. Sati aka kawo, tare da matarsa Fure. Jibi ya kamata a tashi.

Duk wannan daga bakin Malam Lukuman Gidaɗo ya ji shi. Lukuman shi ne masinja kuma tafinta, mai jar dara da farar riga, da sabuwar bulalar dorina a hannu. Joji yana rangadi, Zalɓe kuwa ba ya jin ko sannu, saboda haka duk abin da zai shiga kunnen Bature sai ya bi ta bakin Lukuman. Ya ce gorar ta Lahadi ce, shugaban 'yan alaro, kuma kowa ya ji shi jiya yana tsine wa tafiyar da duk mai hannu a cikinta. Ya ƙara da cewa kukun Bature ma an ji shi yana sa-in-sa da mamacin. Da Gidaɗo ya nemi ganin matar mamacin, sai Lukuman ya ce kada ya ɓata lokacinsa, ba ta jin Hausa.

Aka kawo Lahadi, dattijo mai faɗin kafaɗa, tsakiyar kansa ya sule saboda gammo. Bai yi gardama ba.

"Gorar taka ce, Baba?"

"Tawa ce, Kofur. A ƙofar sito na jingine ta jiya."

"An ce ka tsine wa tafiyar."

"Na tsine, kuma ban janye ba. Dawarmu tana gona tsuntsaye na ci, mu kuma an kawo mu mu kai wani kallon tsuntsaye. Amma shi wannan bawan Allah me ya yi mini? Shi ma kawo shi aka yi."

Gidaɗo ya riga ya san ba gorar ce ta yi kisan ba. Kanta zagaye ne, raunin kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai gefe. Jinin da ke jikinta ma a ɓari ɗaya yake, kamar an goga ta a ƙasa, kuma babu ko silin gashi. Wanda ya yi kisa da makaminsa ba ya barinsa a wurin ya koma cikin 'yan'uwansa ya kwanta. Duk da haka bai sallami Lahadi ba, ya ce ya zauna a inuwa ya jira.

Ya zaga kicin. Kuku James, mutumin Rijau ne shi ma, ya yi ɗan karatu a wurin 'yan mishan, yana tsaye gaban murhu. Da farko ya ce rigimar kifi ce kawai ta haɗa su da Sati. Gidaɗo ya zauna a kan turmi ya kafe shi da ido, har kallon ya ishi kukun. Sannan ya rage murya ya faɗi gaskiya.

Tun zuwan Sati, kullum da la'asar ake zama a baranda ana shirin tafiya. Zalɓe ya shimfiɗa taswira, ya tambayi inda dorinai ke fitowa kiwo da inda za a kafa tanti. James yana kai shayi yana jin ɓangare biyun. Sati ya ce, "Ranka ya daɗe, babu sauran dorina a gungunmu, an kashe su bara." Lukuman ya juya ya ce wa Bature wai jagora ya ce suna nan kamar shanu a mashaya. Zalɓe ya yi murmushi ya rubuta. Abin ya dami James, ranar Litinin ya tsegunta wa Sati. Sati ya matsa masa sai ya tsaya masa tafinta, shi kuwa yana tsoron aikinsa. Wannan ce sa-in-sar da aka ji. Daga ƙarshe ya yarda, suka yi alkawari Sati zai zo kicin da asubar Laraba, su shiga tare da shayin safe.

"Wa ya san da alkawarin?"

"Ni ban gaya wa kowa ba, Kofur. Amma Sati ba ya iya ajiye magana a ciki."

"Makullin sito fa?"

"Biyu ne. Ɗaya wurin Malam Lukuman, ɗaya a rataye a falon Bature."

"Falon da kake shiga kullum."

James ya sunkuyar da kai.

Gidaɗo ya sa aka ɗauko makullin da ke rataye a falo aka buɗe siton, ya kira Lahadi ya ce ya duba kayan ɗaya bayan ɗaya. Akwai akwatunan gwangwani, da gadon tafiya, da gidan sauro, da fitilu, da baho na tamfol, har da kujerar zama a bakin ruwa. Lahadi ya bi su yana jijjigawa. Da ya zo kan ƙunshin tanti ya ɗaga, sai ya dire shi ya yi tsaki. Ya ce wannan ba ɗaurinsu ba ne. Su sukan sa abu mai nauyi a tsakiya don kaya ya zauna daidai a ka, su yi zarge wanda ake warwarewa da ja ɗaya. Wannan kuwa nauyin ya koma gefe, kuma an ƙulle igiyar tamau kamar bakin jakar wasiƙu. Wanda ya yi shi, in ji Lahadi, bai taɓa ɗora gammo a kansa ba.

Aka yanke igiyar. A gefen ƙunshin aka sami gudumar katako ta buga turakun tanti. Danshi ne a jikinta, alhali an yi makonni ba a ga ruwan sama ba. An wanke ta, amma a tsagar da ƙota ta shiga kai akwai jini da gashi.

Gidaɗo ya tambayi Lahadi ko James zai yi irin wannan ɗauri. Dattijon ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce kafin James ya san cokali, shekaru ya yi yana bayansa a layin alaro daga Rijau zuwa Zungeru, ko cikin barci aka tashe shi ba zai karkatar da kaya ba.

Daga nan Gidaɗo ya tafi rumfar da aka sauke Sati a bayan bariki. Fure tana zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Ya tsuguna nesa kaɗan ya yi mata gaisuwar rashi da Hausa. Ta amsa da Hausa, irin ta masu kai kifi kasuwar Yelwa. Ya ce an gaya masa ba ta ji. Ta ce tun safe babu wanda ya tambaye ta komai.

Ta ba shi labarin ba tare da hawaye ba. Bara da rani, wani mai jar dara ya sauka a gungunsu da mafarauta masu bindiga, ya ce Joji ya ba da umarni a kashe dorinai saboda suna ɓarnar gonaki. Aka tilasta wa maza shiga ruwa da zago, mashin sukar dorina. Ƙanen Sati yana cikinsu, wata dorina mai ɗa ta kife kwalekwalensu, ta cafke yaron ta raba shi gida biyu. Mai jar darar ya kwashe fatu da haure, ya bar musu nama yana ruɓewa a yashi. Dorinan da suka tsira suka bar yankin. Da aka kawo su Kontagora, Sati ya ga mai jar darar nan tsaye a bayan kujerar Bature, ya gane shi, amma ya zaci da sanin Turawan aka yi. Sai da kuku ya gaya masa ana juya maganarsa ya fahimci ba su sani ba.

"Jiya da yamma Sati ya tare mai jar darar a bakin rijiya," in ji Fure. "Ya ce masa, gobe na sami wani bakin. Na ce wa mijina ka yi wauta. Ya ce gara mutum ya san abin da ke zuwa masa."

Abu ɗaya ya rage. Gidaɗo ya shiga kasuwa, layin dukawa. Ya daɗe yana ganin bulalar dorina ta yi araha a garin, shi kansa ya sayi ɗaya bana, bai taɓa tambayar dalili ba. Wani baduku mai suna Dogo ya yi ta kewaye-kewaye, da ya ga jar hular ɗan doka ba za ta gusa daga rumfarsa ba, sai ya ce Malam Lukuman ne ya kawo masa fatun, ya ce kyauta ce daga Turawa.

Da la'asar, a barandar da ake shirin tafiya, Gidaɗo ya ajiye gudumar a kan taswira. Ya sa James ya tsaya tafinta, ya jera abin da ya gano. Kisan da guduma aka yi shi, gudumar kuwa a kulle take a sito, don haka Lahadi ya fita, ba shi da makulli. Masu iya kaiwa ga makulli biyu ne, ɗayansu tsohon ɗan alaro ne da ba zai yi wannan ɗaurin ba, kuma shi Sati yake zuwa gani. Ɗayan kuwa ya kashe dabbar da doka ta hana da sunan Joji, har rai ya salwanta. Da an isa gungu yana tafinta, sai ya ce ruwa ne ya janye dorinai suka ƙaura, duk wanda ya kawo ƙara ya juya maganarsa. Bakin James ne kaɗai ya rushe masa shiri. Ya yi kwanto a bayan sito da asuba, inda hanyar kicin ta bi, ya ga gorar Lahadi a jingine ya goga mata jini.

Lukuman bai musa ba. Ya cire darar ya riƙe a hannu, ya dubi Gidaɗo.

"Kofur, da sunansu ake kwasar mutane daga gona, da sunansu kake ɗaure mutane. Ni sau ɗaya na ari sunan na yi wa kaina aiki."

"Sau biyu ka kashe," in ji Gidaɗo, ya sa masa ankwa.

Zalɓe ya yi jajur, ya yi ta zagaye a baranda yana magana. James ya fassara a hankali. Bature ya ce abin takaici ne ƙwarai, dabbobi masu daraja irin waɗannan. Sannan ya tambaya ko akwai wani gungu a gaba da har yanzu ake samunsu. Sunan Sati bai fito daga bakinsa ba.

Aka binne Sati a bayan gari, 'yan alaro ne suka haƙa kabarin. Lukuman aka tura shi gaban shari'a. Tafiya kuwa ba a fasa ba, an dai ɗaga ta zuwa dawowar Joji, kuma aka hana Lahadi da mutanensa komawa gida kafin nan, kada a sha wahalar sake tara su. Da Joji ya dawo ya yaba da aikin a taƙaice, ya ba Gidaɗo sabon umarni: ya raka matar mamacin garinsu, ya dawo da wani jagoran.

Suka yi kwanaki a hanya. Da suka iso bakin Kwara, gungun yana can tsakiyar ruwa, kore shar, mutane sun fara taruwa a gaɓa don sun hango jar hula. Fure ta shiga kwalekwale ta zauna, ta ɗora ƙullin kayan mijinta a cinya. Ta tambayi Gidaɗo wa zai ɗauka a wannan karon. Ya ce duk wanda ya san hanya.

"Saura ɗa ɗaya a gidan su Sati," ta ce. "In ka tashi ɗaukarsa, Kofur, ka bari tsohuwarsu ta gama jin mutuwar Sati tukuna."

Gidaɗo ya tsaya da ƙafa ɗaya a ruwa. Mai fito ya gaji da jira ya tambaye shi ko zai haye, sai Gidaɗo ya shiga.