Bakin Gwamma

Ranar da Abdulmumini ya fara ganin Adawiyya, ƙosai ta kawo shantiye, wurin ginin da yake dama siminti. Ya karɓi ƙosan, ya manta yajin, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Da yamma ya tura mata mesaj: "Hasken Tamanrasset, kin iso gida lafiya?"

Ta amsa: "Lafiya lau, Sarkin Siminti. Wanke hannunka kafin ka taɓa salula."

Soyayya ta kankama. Sai kawunsa Tijani, mai kanti a kasuwa, ya buga ƙafa.

"'Yar Gwamma mai bori? Ba a gidana ba!"

Abin haushi, rabin 'yan kasuwar nan wurin Gwamma suke kai matansu in ciwo ya gagari likita, amma ba mai buɗe baki ya kare 'yarta.

Ana haka labari ya bazu: wai iskan da ke hawa kan Gwamma ya ce Adawiyya tasa ce, duk wanda ya aure ta zai haukace, sai fa Abdurrazak mai kantin turare. Sadiya ce ta yaɗa shi, wadda ke rufe Gwamma da zane in iska ya hau, kuma ita ce goggon Abdurrazak.

"Masoyina, Inna ba ta iya ƙaryatawa," Adawiyya ta rubuto. "In ya hau kanta, ba ta tuna abin da bakinta ya faɗa."

Abdulmumini ya roƙi kawunsa har kawun ya gaji ya bi shi gidan Gwamma. Abdulmumini ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ban zo wurin iska ba. Wurinki na zo."

Gwamma ta kalle shi. Ta san musanta Sadiya zai kori masu zuwa wurinta.

"Ɗana, abin da aka ce na faɗa, ban ji shi ba. Amma ni na yi naƙudar yarinyar nan, ba shi ba. Yanzu da hankalina nake magana: na ba ka ita."

Kunya ta kama Tijani, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Hajiya, a sa rana."

Aka ɗaura aure bayan Juma'a, aka yi walima cikin lambunan Outoul da ke wajen gari. Gwamma ta riƙe hannayensu biyu.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Kawu Tijani ne ya fi kowa ɗaga murya da amin.